Minti Goma Sha Biyar

Sabarmu ba ta gane fuska.
Ko sau ɗari ka zo a yini,
sau ɗari za ta ce, wane ne?
Don haka muke ƙulla wa mai zuwa ɗan ƙulli,
kuki, haruffa talatin da biyu da ba sa karantuwa,
mu jefa a aljihun burauzarsa.
Sunansa da sirrinsa suna wurinmu,
lamba kawai yake riƙe da ita.
In ya nuna, mu ce, af, kai ne, shigo.
In ya yi shiru minti goma sha biyar,
mu share allo, mu manta an yi shi.

Ni na rubuta sha biyar ɗin nan,
wata ranar Talata, ina cin burodi a kan tebur,
ban ko yi tunani ba.

A Valparaíso muke, hawa na uku,
taga tana kallon tashar jiragen ruwa.
Shafin asibitin unguwa ne a hannunmu,
inda ake neman ranar ganin likita.
Daren Laraba ina duba rajista
sai na ga wani zama ya mutu a shafi na huɗu.
Alhamis, shafi na huɗu.
Juma'a ma haka, ƙarfe tara da 'yan mintoci,
kamar mai hawa tudun Cordillera da kaya
kullum numfashi ya yanke masa a matakala guda.

Evaristo Millapán, shekara saba'in da takwas.
Aiki: tsohon ɗan dako a tasha.
Abin da yake nema: likitan ido.
Shafi na huɗu shi ne mai cewa, bayyana abin da ke damunka.

Na ga shi a raina, ko da ban gan shi ba:
hanci dab da gilashi, yatsa ɗaya,
yana farautar kowane harafi.
Yana rubutu, mu a wurinmu shiru ne,
don sabar ba ta jin komai sai an danna aika.
Ya gama, ya danna,
sai mu ce masa: zamanka ya ƙare, sake shiga.
Duk abin da ya faɗa ya bi ruwa.

Da safe na ce wa Baltasar, mu mai da shi awa biyu.
Ya ajiye kofinsa. Ya ce, Maite,
rabin mutanen nan a ɗakin karatu suke shiga.
Mutum ya tashi bai fita ba,
na bayansa ya zauna ya karanta ciwonsa?
Yana da gaskiya, na ji haushin hakan.
Muka yi ta ja har hazo ya tashi daga kan teku.

Sha biyar ta zauna yadda take.
Amma yanzu in yatsa ya motsa,
shafin yakan yi wa sabar raɗa: yana nan, bai tafi ba.
Kowane layi muna adana shi a ƙarƙashin sunansa,
ko zaman ya mutu, rubutun bai mutu ba.
Kukin kuwa na ƙara masa kulle:
ba ya bin hanyar da ba a rufe ba,
rubutun shafi ba ya taɓa shi,
da an shiga kuma a canza lambar.
Layi arba'in da ɗaya ne duka.

Litinin na ƙi tafiya gida.
Tara da minti shida, ya shigo.
Shafi na huɗu.
Sha biyar ta wuce. Ashirin. Talatin da uku.
Shayina ya huce, ban sha ba.
Tara da hamsin da biyu: an karɓa.

Ban buɗe abin da ya rubuta ba, ba nawa ba ne.
Na ga tsawonsa dai, haruffa ɗari biyu da tara.
Bai danna fita ba.
Na zauna da shi har sha biyar ɗin ta cika,
sabar ta manta da shi,
na ɗauki jakata na gangara neman motar ƙarshe.